Farantin baya da fiffike: dalma nawa ta ishe ni, kuma a ina zan ɗora ta?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan kaya. Na yi nutso da silindar iska sau 46 da jaket da ake hura wa iska, irin wadda aka koyar da mu da ita, sai a watan jiya na sayi farantin baya na ƙarfen da ba ya tsatsa, da fiffike, wato jakar iska da ke zama tsakanin farantin da silinda, mai ɗaga kilo 14, da maɗauri na ɗamara guda ɗaya wadda ba ta da mahaɗi a kafaɗa. Nauyina kilo 78 ne, ina sa rigar roba mai kaurin milimita 5, silindata ta alminiyam ce mai lita 11, kuma a teku nake nutso. Lokacin da nake amfani da jaket, dalma kilo 8 nake ɗaurawa a ƙugu don ta taimaka mini in nitse, don haka da na koma sabon kayan sai na bar ta yadda take. Na yi nutso huɗu da shi, kuma babu wanda na ji daɗinsa. Ƙafafuna suna rinjaya ƙasa, bawul ɗin silinda yana bugun ƙeyata duk lokacin da na ɗaga kai, kuma a zurfin mita 25 sai na cika fiffiken kusan taf kafin in daina nitsewa. Idan na fara hawowa kuwa, iskar tana neman fizge ni sama har sai na yi ta sakinta babu ƙaƙƙautawa. Tambayata ita ce, shin fiffiken ne ya yi mini ƙanƙanta in nemi mai ɗaga kilo 18 ko 20, ko kuwa akwai abin da ban haɗa daidai ba?

Dattijon Nutso:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi wani fiffike tukuna, domin duk abin da ka lissafa alamar dalma ce da ta yi yawa. Farantin ƙarfe da kansa nauyi ne, galibi tsakanin kilo 2 da rabi zuwa 3, kuma ka ɗora shi a kan kilo 8 ɗin da kake da su ba tare da ka rage komai ba. Bayan haka, jaket tana da soso da yadi masu riƙe iska, waɗanda suke ɗaga mutum ko da ya fitar da iskar cikinta duka, kuma wani kaso na dalmarka ta dā aikinsa kawai shi ne danne wannan soson. Yanzu soson ya tafi, dalmarsa kuwa tana nan a ƙugunka. Ka cire kilo 3 zuwa 4 kafin ka sake shiga ruwa, sannan ka yi gwaji na gaskiya, domin ina kyautata zaton ko kilo 8 ɗin na farko ma sun fi abin da kake buƙata.

Mai Lissafi:

Ina goyon bayan Malam, kuma zan so in nuna wa ɗan'uwanmu dalilin fizgar da yake ji, saboda idan ya gane lissafin ba zai ƙara sha'awar ƙarin dalma ba. Kowace lita ɗaya ta iska a cikin fiffike tana ɗaga kimanin kilo ɗaya. Idan kana ɗauke da kilo 4 da ba ka buƙata, dole ne ka riƙe lita 4 ta iska a bayanka daga farkon nutso har ƙarshensa don kawai ka soke su. Dalma ba ta canza nauyi da zurfi, amma iska tana canza girma. Da bar ake auna matsi: a mita 30 matsin ruwa bar 4 ne, a mita 10 bar 2 ne, a saman ruwa bar 1. Lita 4 ɗin da ka hura a mita 30 za ta zama lita 8 a mita 10 idan ba ka saki komai ba. Mafi wahala shi ne kusa da sama, inda daga mita 10 zuwa mita 5 kaɗai lita 4 take komawa lita 5 da ɗoriya, wato ɗagawar fiye da kilo ɗaya ta ƙaru a cikin tazarar da ba ta wuce bugun ƙafa kaɗan ba.

Aikin fiffike na asali guda biyu ne. Na farko shi ne ɗaukar nauyin iskar da ke cikin silinda wadda ba ka riga ka shaƙa ba. Iska tana da nauyin kimanin giram 1.2 a kowace lita, don haka silindarka mai lita 11 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da iska kimanin kilo 2.6, kuma idan ka sauko da ita zuwa bar 50 ka zubar da kimanin kilo 2 ke nan a cikin ruwa ta hanyar numfashi. Na biyu shi ne maye gurbin ɗagawar da rigar roba take rasawa idan zurfi ya matse ƙananan kumfan da ke cikinta. Duk iskar da ta wuce waɗannan biyun a cikin fiffikenka, dalmar da ta yi yawa ce take cin ta.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, bayanin ya shiga. Sai dai abin da ke ba ni tsoro shi ne in rage dalmar sannan in kasa yin tsayawar kariya da ake yi a mita 5 a ƙarshen nutso, domin hakan ya taɓa faruwa da ni a farkon koyona, kuma tun daga ranar nake ƙara kilo ɗaya ko biyu don hankalina ya kwanta. Yaya ake yin gwajin da Malam ya ambata?

Malama Mai Horarwa:

Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, kuma shi ya sa ake yin gwajin a ƙarshen nutso, lokacin da silinda ta fi kowane lokaci sauƙi. Silindar alminiyam irin taka tana ɗan nitsewa idan tana cike, amma idan ta kusa ƙarewa sai ta koma tana ɗaga ka da fiye da kilo ɗaya, kuma gindinta ne yake fara tashi. Ka shirya da abokin nutsonka tun kuna sama, ku zaɓi wuri mai natsuwa wanda ba shi da igiyar ruwa, kuma ka raba dalmarka ƙanana, kilo ɗaya ɗaya ko rabi rabi, yadda za a iya cire ta a cikin ruwa. Idan ma'auninka ya nuna bar 50, ka tsaya a mita 5, ka fitar da iskar fiffike gaba ɗaya, ka karkata jiki hagu da dama har ka tabbata babu wadda ta maƙale, sannan ka daina motsa ƙafa da hannu kana numfashi yadda ka saba. Idan ka nitse, ka miƙa wa abokinka kilo ɗaya ka sake gwadawa. Inda ka tsaya cak, numfashinka kaɗai yana ɗan ɗaga ka yana sauke ka, nan ne adadinka. Daga nan ka hau a hankali zuwa mita 3 ka ga ko har yanzu kana iya riƙe kanka, domin rigar roba tana ƙara kumbura a waɗannan mitocin na ƙarshe. Idan ba ka iya ba, ka mayar da rabin kilo ko kilo ɗaya.

Abin da na fi gani a wurin ɗalibai shi ne ba rashin dalma ke hana su nitsewa a farkon nutso ba. Suna cika huhu saboda fargaba, suna kaɗa ƙafa ba su sani ba, ga iska a maƙale cikin busasshiyar rigar da ruwa bai gama shiga ba, sai a ƙara musu dalma, su kuma su riƙe wannan adadi shekara da shekaru. Huhun babban mutum yana iya canza ɗagawarsa da kilo 3 ko fiye tsakanin cikawa da fitarwa, saboda haka ka fitar da numfashi sosai a mita biyun farko, ka bar ƙafafunka su huta.

Kuma ka rubuta sakamakon a littafin nutsonka tare da kaurin riga, irin silinda da irin ruwan. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari, don haka mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100 zai rage kusan kilo 2 da rabi idan ya koma tafki ko kwamin ninkaya.

Mai Shiga Kogo:

An yi maganar dalma da kyau, amma bugun ƙeya da ya ambata matsalar ɗauri ce, kuma idan farantin bai zauna daidai ba duk inda ya sa dalmar ba zai kwanta a miƙe ba. Wannan tsari ya fito ne daga masu nutso a kogwannin ruwa na Florida a Amurka, kuma ana kiran salon ɗamara guda da sunan William Hogarth Main, wanda ya yi fice wajen rage kaya zuwa abin da ake buƙata kawai. Amfanin ɗamara guda shi ne babu mahaɗin roba da zai karye, amma sharaɗinta shi ne sai mutum ya zauna ya daidaita ta da jikinsa, sanye da rigar da zai yi nutso da ita.

Ka sa farantin shi kaɗai ba tare da silinda ba. Ka miƙa hannu ta bayan wuyanka, ya kamata yatsunka su taɓa saman farantin ba tare da ka wahala ba. Idan ba ka kai ba, ya yi ƙasa, ka rage tsawon ɗamarar kafaɗa. Kada ka matse kafaɗun har su hana ka miƙa hannu gaba. Ya kamata yatsu uku ko ma dunƙulen hannu su shiga tsakanin ɗamarar da ƙirjinka, domin ba kafaɗa ke riƙe kayan ba, ɗamarar ƙugu da maɗaurin da ke ratsa tsakanin cinyoyi su ne ke riƙe shi. Wannan maɗauri na tsakanin cinyoyi mutane da yawa suna raina shi, alhali shi ne ke hana kayan hawowa kanka idan ka hura fiffike a saman ruwa. Zobban ƙirji guda biyu su zauna ƙasa da ƙashin wuya kaɗan: ka buɗe hannuwanka gefe, ka lanƙwasa gwiwar hannu ka kawo babban yatsa ƙirji, inda ya sauka nan ne wurin zoben. Zoben ƙugu na hagu, inda ake rataye ma'aunin iska, ya daidaita da ɗinkin gefen rigarka, kan bel kuma ya zauna dama da maɗaurin cinyoyi don kada ya buɗe shi.

Game da silinda, ka sa maɗaurinta na sama ƙasa kaɗan da inda kafaɗarta ta fara lanƙwasa, sannan ka gwada abu biyu kana kwance a ruwa: ka ɗaga kai ka kalli gabanka ba tare da ƙeyarka ta bugi komai ba, kuma hannunka ya kai ga bawul ɗin. Ka jiƙa maɗauran silindar kafin ka ɗaure, saboda nailan yana saki idan ya sha ruwa. Kada kuma ka yanke ragowar ɗamarar sai ka yi nutso biyar ko shida da ita, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Ɗan Ruwan Sanyi:

Ina da ja a kan hanyar da maganar take nufa. Idan aka ce ya rage dalmar ƙugu saboda farantin ya ɗauki nauyin, ƙarshenta za a kai inda duk nauyinsa yana manne da bayansa, babu abin da zai iya yarwa. Ni ina ganin wannan hatsari ne ga wanda nutsonsa 46 ne kacal. Rahotannin haɗurran nutso sun sha nuna mutanen da suka iso saman ruwa da rai sannan suka sake nitsewa da dalmarsu a jiki. Mutumin da ya gaji, ko silindarsa ta ƙare ba zai iya hura fiffike da maɓalli ba, abin da ya fi masa sauri shi ne ya ja kan bel ɗaya dalma ta faɗi. Da ni ne, da na ba shi shawarar farantin alminiyam, wanda bai kai kilo ɗaya ba, ya bar yawancin nauyinsa a inda hannunsa zai iya sakinsa.

Mai Shiga Kogo:

Malam, na yarda da kai a kan saman ruwa, amma ban yarda da maganin ba. Bel mai kilo 7 da zai iya kwancewa da kansa a mita 30 shi ma hatsari ne, kuma mai girma, domin wanda ya rasa wannan nauyi lokaci guda zai tashi sama da gudun da ba zai iya tsayarwa ba, ga haɗarin kumfar iska a jini, ga na fashewar huhu idan ya riƙe numfashi. Ma'aunin da muke bi shi ne kayan su cika sharaɗi biyu. A ƙarshen nutso, da silinda kusan babu komai, mutum ya iya tsayawa a mita 5 zuwa 3. A farkon nutso, da silinda cike, a wuri mafi zurfi, idan fiffike ya fashe, ya iya hawowa da ƙarfin ƙafarsa, ko kuma ya yar da ɗan abin da zai sa ya iya. Abin da ake yarwa shi ne wannan ɗan bambancin, ba duka nauyin ba.

Mai Lissafi:

Mu sa adadin ɗan'uwanmu a cikin wannan ma'auni mu gani. Idan dalmarsa ta daidaita, a farkon nutso a mita 30 zai yi nauyin iskar da bai shaƙa ba, kimanin kilo 2, da abin da rigarsa ta rasa. Wannan na biyun ya danganta da girman rigar da tsufanta, kuma yana iya auna ta da kansa: ya sa ta cikin jakar raga, ya fitar da iskar da ta maƙale, ya yi ta ƙara dalma har ta fara nitsewa. A ce ta ɗauki kilo 5, kuma a ce zurfi ya cinye 3 daga ciki, jimilla kilo 5 ke nan a wuri mafi muni. Mai lafiya da takalman ninkaya masu ƙarfi yana iya tasowa da wannan na ɗan lokaci, kuma kowace mita da ya hau rigar tana mayar masa da wani abu. Idan yana da kilo 2 da zai iya yarwa, abin ya zo da sauƙi sosai. Wannan lissafi kuma ya amsa tambayarsa ta farko, domin kilo 5 ba su kai rabin abin da fiffikensa ke ɗagawa ba. Ɗaya buƙatar ita ce fiffiken ya riƙe kayan a saman ruwa idan ya cire su, kuma faranti da cikakkiyar silinda da na'urar shaƙa da dalmar da ke jikin kayan ba za su wuce kilo 8 ko 9 ba. Fiffiken da ya fi silinda ɗaya girma yana naɗewa a gefenta, iska ta taru a wuraren da take wahalar fita, ga kuma jan ruwa.

Ɗan Ruwan Sanyi:

Da riga mai milimita 5 na karɓi lissafin. Amma ina so a faɗa a fili, saboda wasu za su karanta su ɗauka haka yake ga kowa. Wanda ya sa riga mai milimita 7 mai ninki biyu a ƙirji, ya ɗauki babbar silindar ƙarfe, ya ƙara farantin ƙarfe, zai iya samun kansa a zurfi da nauyin da babu ƙafar da za ta ɗaga shi, kuma babu abin yarwa domin silindar da farantin sun cinye duk dalmar da zai sa. Irin wannan yana buƙatar farantin alminiyam, ko rigar da ruwa ba ya shiga wadda ake hura wa iska, wadda za ta zama madadin fiffike idan ya lalace. Har yanzu kuma ina kan bakana cewa duk wanda bai daɗe a nutso ba ya bar wani abu da zai iya saki a saman ruwa.

Malama Mai Horarwa:

A kan wannan na ƙarshe ina tare da kai, Malam, kuma haka nake koyarwa. Ga ɗan'uwanmu, idan gwaji ya ba shi kilo 4, zan so kilo 2 su kasance a aljihunan ƙugu masu saki da ja ɗaya, sauran kuma su tafi inda kwanciyarsa ta nema. Hanyar sanin wurin ita ce ya daidaita a ruwa mara zurfi, ya kwanta a miƙe, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a gaba, ya daina motsi ƙwata-ƙwata na daƙiƙa ashirin ya ga inda jikinsa zai karkata. Huhu da fiffike suna ɗaga sashen sama na jiki, dalmar ƙugu tana jan sashen ƙasa, shi ya sa ƙafafunsa suke faɗuwa. Idan haka ta ci gaba bayan ya rage nauyin, ya mayar da kilo ɗaya ko biyu zuwa ƙananan aljihu a maɗaurin silinda na sama, ɗaya a kowane gefe don kada ya karkace. Ya yi gwajin da cikakkiyar silinda, ya sake yi da wadda ta kusa ƙarewa, saboda silindar alminiyam tana sauya kwanciyar mutum yayin da take ƙarewa. Wanda ya zaɓi bel kuma ya san cewa idan ya sa shi ƙarƙashin maɗaurin cinyoyi ba zai faɗi da kansa ba amma sakinsa sai an buɗe kan bel biyu, idan ya sa shi a sama sakinsa ya fi sauri amma faɗuwarsa ma ta fi sauƙi. Duk wanda ya zaɓa, ya gwada sakin a ruwa mara zurfi, kuma ya nuna wa abokinsa kafin su shiga.

Sabon Hannu:

Na dawo da labari bayan nutso uku. Na rage ɗamarar kafaɗa har yatsuna suka kai saman farantin, na sauke silindar kimanin faɗin yatsu uku, kuma bugun ƙeya ya tafi. Na fara da kilo 5, a ƙarshen nutso na farko da bar 50 na miƙa wa abokina kilo ɗaya na tsaya cak a mita 5. Na gwada cire wani kilo ɗayan, a mita 5 na iya riƙewa amma a mita 3 na fara tashi, sai na mayar da shi. Yanzu kilo 4 nake ɗauka, biyu a aljihunan ƙugu, biyu a maɗaurin silinda na sama, kuma a mita 25 iskar da nake hurawa kaɗan ce idan aka kwatanta da ta dā. Abu ɗaya ya rage: a saman ruwa, idan na hura fiffiken, yana tura fuskata cikin ruwa.

Dattijon Nutso:

Madalla, ɗana, Allah ya ƙara kiyayewa. Turawar da kake ji ta zo ne daga cika fiffiken taf, wanda ka saba yi lokacin da kake ɗauke da kilo 8. Ka hura iya abin da zai fitar da haɓarka daga ruwa, ka jingina baya kamar mai kishingiɗa, ka ɗago gwiwoyinka gaba kaɗan. Idan har yanzu kayan suna hawowa kafaɗunka, ka rage tsawon maɗaurin cinyoyi da faɗin yatsu biyu ka sake gwadawa. Ranar da ka canza riga ko silinda kuma, ko ka shiga ruwan daɗi, ka sake gwajin bar 50 ɗin daga farko kafin ka dogara da kilo 4 ɗin nan.